Ƙurar ƙarfe mai zafi haɗe da kemo: shin yayana ya bar maganin da yake kai?

Maman Ilham: Assalamu alaikum jama'ar gida. Don Allah likitocinmu da masu ilimin abin ku taimaka mini da shawara. Yayana ne, shekararsa 47, aka yi masa aikin sankarar babban hanji wata huɗu da suka wuce. An yanke inda ƙarin yake, amma sakamako ya fito cewa ta taɓa kaluluwa biyar, wai mataki na uku. Yanzu yana kan kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin kansa, duk sati uku a yi masa ƙarin ruwa, sannan ya sha ƙwayoyi sati biyu a gida. An yi zagaye uku cikin takwas. Wallahi yana shan wuya. Ko fiyawata mai sanyi ya taɓa sai ya yar, ya ce kamar wutar nefa ta ja shi. Alwalar asuba sai an ɗumama masa ruwa, tafin hannunsa duk ya saɓule. To shekaranjiya wani ɗan baffanmu ya turo masa bidiyo, wai Turawa sun gano wata ƙura da ake zubawa a jiki, a kunna inji ta yi zafi ta ƙone kansar hanji, idan aka haɗa da ɗan kemo kaɗan shi ke nan. Tun daga nan ya kafe ba zai koma asibiti ba, filinsa zai sayar ya fita waje. Gaskiya ne akwai wannan maganin?

Basakkwace: Wa alaikumus salam. Allah ya ba shi lafiya. Amma in dai zafi ke kashe kansa, to ku kawo shi Sakkwato a watan Afirilu, kyauta ne.

Goggon Yara: Ba gashin da ake yi a asibiti ba ne ake nufi? Ai an yi wa ƙanwar maigidana.

Sista Uwani: A'a Goggo. Sunan ne kawai muka sa masa gashi, amma wancan haske ne mai ratsa jiki yana lalata ƙwayoyin kansa, mara lafiya ko ɗumi ba ya ji lokacin da ake yi. Wannan da Maman Ilham ke faɗa zafi ne na gaske, na ma'aunin zafi.

Ɗan Jamus: Anti Maman Ilham sannu, Allah ya sa kaffara ne. Wannan ɓangaren karatuna ne a nan, bari in faɗi abin da ke ciki. Bidiyon bai ƙirƙiri abin ba, akwai shi. Ƙurar sunanta ƙwayoyin nano. Ki ɗauki milimita ɗaya a kan rula ki raba ta gida miliyan, kashi ɗaya shi ne nanomita. Ƙwayoyin da ake amfani da su ba su wuce nanomita 10 zuwa 20 ba, alhali kaurin silin gashin kai ya kai wajen 80,000. Yawanci da wani dangin tsatsar ƙarfe ake yin su, irin wanda maganaɗisu ke ja, a lulluɓe su da wani abu don kada su dunƙule. Sai a yi allurarsu cikin ƙarin, a kwantar da mutum a cikin inji mai ƙarfin maganaɗisu da ke juya fuska kamar sau 100,000 a daƙiƙa ɗaya. Ƙwayoyin nan suna ta ƙoƙarin bin juyin, wannan kai-kawon shi ke haifar da zafi. Wanda ya san murhun lantarkin nan da ke ɗumama tukunyar ƙarfe amma ka ɗora hannu ba ka ji komai ba, to kusan haka ne. Akwai kuma na zinare, su da hasken leza ake zafafa su.

Ba ƙonewa ake nema ba kamar yadda bidiyon ya ce. Digiri 41 zuwa 43 ake so ƙarin ya kai, ya zauna a haka kamar awa ɗaya. Malam Basakkwace, ko Sakkwato ta kai 45, cikin jikinka yana nan a 37, zufa ce ke wannan aikin.

Basakkwace: To na janye tayin.

Baban Walid: Bari in ɗora daga ɓangaren magani, tunda shi nake sayarwa. Abin da ya sa ake haɗa zafin da kemo: jijiyoyin jinin da ƙari ke yi wa kansa kamar unguwar awon igiya suke, lungu ya toshe nan, kwata ta fashe can. Tsakiyar ƙarin jini ba ya isa sosai, don haka maganin da aka sa a jijiya ma ba ya isa. In aka ɗumama wurin, jini ya ƙara gudu, bangon ƙwayoyin kansar ya saki, magani ya fi shiga. Na biyu, wanda ake ɗaura wa yayanki a ƙarin ruwa, oksalifilatin, aikinsa shi ne ya maƙale a jikin DNA na ƙwayar kansa ya hana ta rabuwa. Ita kuma ƙwayar tana da nata masu gyara da ke zuwa su ɓamɓare shi. Zafi yana kashe wa masu gyaran nan jiki. Shi ya sa a kwanon gwaji magungunan dangin filatinam, irin su oksalifilatin ɗin nan, suke ƙara ƙarfi sosai da zafi. Amma ba kowane magani ba, maganin kemo mai suna 5-FU da ƙwayar da yake sha a gida, wadda jiki ke mayarwa 5-FU, ba sa samun ƙarin ƙarfi irin haka.

Dabara ta uku ita ce ta fi burge ni. A ƙunshe maganin a cikin ɗan ƙullin kitse wanda ba ya narkewa sai zafi ya haura digiri 40. Ya yi ta yawo a jini a rufe, sai ya zo inda aka ɗumama ya fashe ya zubar da kayansa a nan. A takarda, an huta da tashin zuciya da zubewar gashi.

Maman Ilham: To ai kun ƙara masa hujja ke nan. Idan na nuna masa wannan ba zai koma ba.

Dakta A.: Hajiya kada ki nuna masa tukuna. Yanzu na fito daga tiyata na ga saƙonnin. Duk abin da Ɗan Jamus da Baban Walid suka faɗa daidai ne, amma su amsa mini tambaya ɗaya: a ina za a zuba wa yayanki ƙurar? An riga an yanke ƙarin, yana cikin kwalba a ɗakin gwaji. Kemon da ake yi masa yanzu ba don ƙarin da ake gani ba ne, don 'yan ƙwayoyin da wataƙila suka sulale ta kaluluwa ko ta jini ne, waɗanda ko hoto ba ya nuna su, ba wanda ya san ko suna hanta ko suna huhu. Ba za ka yi wa abin da ba ka gani allura ba, ba za ka saita masa inji ba. Ko da a ce maganin nan yana kan kanta yau, ba irin yayanki aka yi wa shi ba.

Kuma ba ya kan kanta. A sankarar hanji, haɗa ƙwayoyin nano masu zafi da kemo aiki ne na kwanon gwaji da ɓeraye. Babu hukumar magunguna da ta amince da shi a matsayin maganin wannan cutar. Duk wanda ya ce a biya shi ya kai ku inda ake yi, filin kawai yake so.

Ɗan Jamus: Ranka ya daɗe, batun yayan Anti na sallama, ba ni da ja. Amma kada a ce abin bai taɓa fita daga wajen ɓeraye ba. A Balin, kamfanin MagForce da ya samo asali daga binciken Andreas Jordan a asibitin Charité ya samu izinin Turai a 2010 na amfani da ƙurarsa mai suna NanoTherm a kan ƙarin ƙwaƙwalwa. Mutane aka yi wa, ba dabbobi ba. A Amurka ma, ƙwayoyin zinare da Naomi Halas da Jennifer West suka ƙirƙiro a Jami'ar Rice an gwada su a kan maza 16 masu sankarar mafitsara ta maza, wato furosteti, aka fitar da sakamakon a 2019, kuma ya yi kyau.

Dakta A.: Ƙwaƙwalwa da mafitsara, ba hanji ba. Kuma ka ƙarasa labarin mana. Ina MagForce yanzu?

Ɗan Jamus: Ya durƙushe a 2022, kuɗi suka ƙare.

Dakta A.: Yawwa. Shekara 12 da izini a hannu, a ƙasar da ke da kuɗi da injina, amma likitocin ƙwaƙwalwa ba su rungume shi ba, domin ba a yi babban gwajin da ake raba marasa lafiya gida biyu a kwatanta ba. Ga wahalhalunsa: sai an cire wa mutum cikon haƙori na ƙarfe kafin ya shiga injin, don shi ma zai yi zafi. Sannan ƙurar tana zama a wurin, ta ɓata hoton MRI daga baya. Mu kuwa masu sankarar dubura da hanta da MRI muke bibiyarsu.

Ni abin da ya sanyaya mini gwiwa ma ba na nano ba ne. Mu likitocin tiyata muna da namu zafi da kemo tun da daɗewa, HIPEC, wanda Paul Sugarbaker ya yi fice da shi a Washinton. Idan sankarar hanji ta bazu a tantanin ciki, sai a buɗe mutum a tsince duk abin da ido ke gani, aikin awa shida, takwas, har goma, sannan a zagaya ruwan kemo mai zafi a cikin cikin kafin a ɗinke. Ka ga nan babu matsalar isar magani, babu matsalar isar zafi, da hannunka kake zubawa. Kowa ya yarda yana aiki, don hankali ya ɗauka. Sai Faransawa suka gwada, PRODIGE 7, mutum 265, rabi tiyata kaɗai, rabi tiyata da oksalifilatin a digiri 43 na minti 30. Matsakaicin tsawon rai: wata 41.7 da zafi, wata 41.2 babu shi. Rabin wata. Kuma waɗanda aka yi wa zafin sun fi samun matsaloli daga baya. An buga shi a 2021. Ashe wuƙar ce ke aikin.

Baban Walid: Dakta ka tuna mini da ƙullin kitsen da na yaba ɗazu. ThermoDox sunansa, doksorubisin ne a ciki, daga Jami'ar Duke aka faro shi. An kai shi babban gwaji a sankarar hanta har sau biyu, na farko ya faɗi a 2013, na biyu a 2020. Na faɗi daɗin na manta ɗacin.

Ɗan Jamus: To amma ku yi adalci. PRODIGE 7 ya nuna minti 30 na oksalifilatin bai ƙara komai ba, bai nuna zafi ba ya aiki ba. Minti 30 ya yi kaɗan, mutane da yawa sun faɗi haka. A Sifaniya an yi gwajin HIPECT4 da wani maganin kemo, mitomaisin, na awa ɗaya, aka ga dawowar cutar a cikin ciki ta ragu. A Munik, Rolf Issels ya nuna a 2010 cewa ɗumama wuri tare da kemo ya fi kemo kaɗai a sankarar tsoka. A Holan kuma a 2000 an haɗa zafi da gashi a sankarar ƙugu, matan da ke da ta bakin mahaifa suka amfana ƙwarai.

Dakta A.: HIPECT4 ya rage dawowa a wurin, amma bai nuna an ƙara tsawon rai ba. Na Holan ɗin kuma har da masu sankarar dubura a ciki, su ne ba a ga wata riba ta a zo a gani ba. Kuma duk waɗannan da injin ɗumamawa daga waje ko ruwan zafi aka yi su, babu ƙurarku ko ɗaya.

Basakkwace: Ɗan Jamus, kana numfashi?

Ɗan Jamus: Ina nan daram. Bari ma in ba Dakta makami da kaina, don mu a ɗakin bincike mun fi kowa sanin inda gizo ke saƙa. Tun 1986 Matsumura da Maeda a Japan suka nuna cewa jijiyoyin ƙari suna yoyo, don haka ƙananan ƙwayoyi kan taru a ciki da kansu. A kan wannan aka gina fatan cewa za a sa ƙurar a jijiya ta nemo kansar duk inda take. Sai a 2016 rukunin Warren Chan a Toronto suka tattara binciken shekara goma, suka ga matsakaicin abin da ke isa ƙari kashi 0.7 cikin 100 ne na abin da aka yi allura. A ɓeraye ma ke nan. Sauran hanta da saifa ke kamewa, don aikinsu ne tace baƙon abu. Kuma kafin a samu zafin kirki sai ƙarfen ya taru da yawa a wuri guda. In ka ce bari ka ƙara wa injin ƙarfi, naman jiki lafiyayye ya fara zafi da kansa. Ɓera kuma ƙarin a ƙarƙashin fatar bayansa ake dasa shi, kana ganinsa kamar gurjiya, ka soka allura, ka haska leza. Hanjin mutum yana can ciki, yana motsi, bangonsa siriri ne, in zafi ya yi yawa ya huje, kashi ya zuba a ciki. Wannan kuwa Dakta ya fi ni sanin ƙarshensa.

Duk da haka ni ban cire rai ba. Inda nake hango shi: sankarar dubura, wadda ake iya kaiwa gare ta da bututun kyamara, a fesa ko a soka ƙwayoyin kai tsaye, a haska daga ciki, don a ƙanƙantar da ita kafin aiki. Wataƙila wani ya tsira daga rataya jakar bayan gida. Da kuma wadda ta koma hanta.

Dakta A.: Ta hanta muna ƙona ta yau da allura mai zafi, ba tare da ƙura ba, in ƙanana ne kuma ba su da yawa. Ta dubura kuwa na yarda, a nan ne in da rabo za a fara gani. Ka san abin dariya? Wanda ya fara wannan tunanin likitan tiyatar hanji ne, Gilchrist, a Shikago. A 1957 ya sa garin ƙarfe a bangon hanjin karnuka don ya gangara kaluluwa, ya ɗumama da maganaɗisu, yana neman hanyar kashe kansar da wuƙa ta bari. A shekarar nan dai Charles Heidelberger ya fito da 5-FU. Sa'annin juna ne. Ɗaya yana kowane ɗakin kemo a duniya, ɗayan har yanzu yana neman hanyar shiga.

Goggon Yara: Ni dai ban gane rabin turancinku ba. Tambayata, in a riƙa ɗora masa tsumma da ruwan zafi a ciki bayan kemon, ba zai taimaka ba?

Sista Uwani: Goggo don Allah a'a. Zafin ba zai wuce fata ba, kuma mai shan wannan maganin jijiyoyinsa sun dakushe, zai iya ƙonewa bai ji ba. Na ga wanda aka kawo da ƙuna a tafin ƙafa daga robar ruwan zafi, bai sani ba sai da safe.

Maman Ilham, ni a ganina ba bidiyon ne ya juya yayanki ba, wahala ce. Wanda ya gaji ko inuwar kara ya gani sai ya fake. Jan wutar nan da yake ji oksalifilatin ne, sananne ne, sanyi ke tayar da shi, ya fi tsanani kwanakin farko bayan ƙarin ruwa. Kada ya sha abu mai sanyi, kada ya buɗe firji hannu tsirara, safa a ƙafa da asuba. Saɓulewar hannu kuma daga ƙwayoyin ne, a riƙa shafa mai sosai. Amma babban abu, ya faɗa wa likitansa komai dalla-dalla. Mazanmu sai su shiga ofis a tambaye su ya jiki su ce alhamdulillahi, su fito su zo gida suna nishi. Ana rage adadin maganin, ana ɗaga zagaye, wani lokaci a cire na ƙarin ruwan a ci gaba da ƙwayoyin. Musamman in ya fara kasa sa maɓallin riga ko ɗaukar allura, wannan a faɗa da wuri, don irin sa kan daɗe bai warke ba.

Dakta A.: Sista ta gama magana. In ƙara ɗaya: akwai babban bincike na 2018, IDEA, kusan mutum 13,000, da ya kwatanta wata uku da wata shida. Masu ƙaramin hatsari wata uku na irin haɗin da yake kai ya kusa wadatar da su. Mai kaluluwa biyar yana cikin masu babban hatsari, shi ya sa aka rubuta masa takwas. Amma magana ce da zai iya zama ya yi da likitansa, a duba abin da jikinsa zai ɗauka. Wannan daban, guduwa daban.

Hajiya, ya aka yi aka gano?

Maman Ilham: Hmm Dakta. Fiye da shekara yana ganin jini a bayan gida, ana ta basir ne. Babu jarkar da bai saya ba wajen masu motar lasifika a bakin kasuwa. Har wani kemis ya yi ta yi masa allurai. Sai da ya rame, wandunansa suka daina zama, cikin ya toshe kwana huɗu, sannan aka kwashe shi cikin dare.

Dakta A.: Labarin kusan duk wanda nake yi wa aiki ke nan. Cutar nan ita ce ta uku a yawa a duniya, wajen mutum miliyan 1.9 a 2022, ta biyu a kisa, amma tana cikin masu sauƙin tarewa, don yawanci daga ɗan tsiro take farawa, ya yi shekaru kafin ya rikiɗe, kuma ana cire shi da bututun kyamara ba tare da an buɗe ciki ba. Amurka ta sauko da shekarun fara dubawa zuwa 45 a 2021. Ku kuma da kuke ciki ɗaya da shi ba za ku jira haka ba. Ƙa'idar ita ce shekara 40, ko shekara goma kafin shekarun da aka gano tasa, duk wanda ya riga zuwa. Tasa 47, ke nan 37. Shekarunki nawa, in ba damuwa?

Maman Ilham: Innalillahi. Na zo tambayar wani an juyo kaina. 39.

Basakkwace: Dakta ya sa mace ta faɗi shekarunta a bainar jama'a. Wannan ya fi nano wuya.

Ɗan Jamus: Anti, in zai saurare ni, ki haɗa mu a waya. Ni da nake dama ƙurar nan da hannuna kullum zan faɗa masa ko mahaifina ne ba zan ce ya bar kemo saboda ita ba. Dakta kuma mu haɗu nan da shekara goma.

Dakta A.: Allah ya kai mu. Ka zo da sakamakon mutane, ba na ɓeraye ba, ni zan fara turo maka marasa lafiya.

Maman Ilham: Jama'a na dawo. Jiya da daddare sun yi kusan awa ɗaya da Ɗan Jamus, Allah ya saka da alheri. Bai ce ya fasa sayar da fili ba, amma ya yarda zai je asibiti ranar Talata, kuma matarsa za ta shiga da shi don kada ya ce alhamdulillahi ya fito. Na rubuta mata abubuwan da Sista ta lissafa a takarda. Sista Uwani, wannan na kyamarar, ido biyu ake yi wa mutum?

Sista Uwani: Yawanci ana ba da allurar da za ki yi luf, wasu ma ba sa tuna an yi. Abin da mutane suka fi kuka da shi maganin wankin cikin da ake sha ana gobe. Ranar kada ki sa za ki je biki, ki zauna kusa da banɗaki. Ki tafi da wanda zai dawo da ke gida, kuma ki taho da sauran ƙannen naku, ku nawa ne?

Maman Ilham: Mu shida ne. Biyu ba su kai 37 ba.

Sista Uwani: To ku huɗu, a cire shi, saura uku. Ki fara da kanki, sauran za su biyo.